Roberto Donadoni: gwanin gefen fili da bai taɓa ɗaukar kofi yana koci ba

Koci Ƙarami, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar a wani fili da ke bayan unguwarmu, kuma a cikinsu akwai wani yaro mai buga lamba bakwai wanda Allah ya hore wa ƙafa ƙwarai da gaske, amma da zarar an ƙwace ƙwallo daga gare shi sai ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya bar mai tsaron bayan da ke gefensa yana fama da mutum biyu. Ranar Asabar da ta wuce kawuna, wanda ya buga ƙwallo a zamaninsa, ya biyo ta filin ya tsaya kallon atisaye, da aka tashi kuwa sai ya ja ni gefe ya ce in nemo wa yaron wasannin Roberto Donadoni ya kalla, domin a ganinsa ba a yi ɗan wasan gefe da ya san aikinsa kamar wannan mutumin na Italiya ba.

Na je na bincika, abin da na tarar kuma ya ɗaure mini kai. Mutumin ya buga wa ƙasarsa wasa 63, amma ƙwallo 5 kacal ya ci. Bayan ya daina wasa ya zama koci, har aka damƙa masa tawagar Italiya a 2006 tana riƙe da kofin duniya, aka kuma sallame shi bayan shekara biyu, sannan ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan ba tare da ya ɗauki kofi ko ɗaya ba.

Tambayata kashi biyu ce. Mene ne ainihin abin da yake yi a fili wanda ya sa manya suke ambatonsa kafin su ambaci waɗanda suka fi shi cin ƙwallo? Sannan me ya sa mutumin da ya yi wasa a ƙarƙashin manyan kociyoyi, ya kuma ɗauki kofuna masu yawa, ya kasa maimaita hakan da ya koma benci? Tambaya ta biyun ta fi damuna, domin ni ban taɓa buga wa wata babbar ƙungiya ba, kuma sau da yawa iyayen yara sukan gaya mini a fakaice cewa wanda bai buga ba, ba shi da abin koyarwa.

Tsohon Lamba Bakwai, Daura

Wa alaikumus salam, ɗana. Kawunka ya ba ka shawara mai kyau, kuma zan yi ƙoƙarin amsa kashin farko na tambayarka, domin shi ne wanda na gani da idona.

An haifi Donadoni ranar 9 ga Satumba 1963 a wani ƙaramin gari kusa da Bergamo a arewacin Italiya, ya kuma tashi a ƙungiyar Atalanta, wadda har gobe ta yi suna wajen renon yara. A 1986 ya koma AC Milan, yana cikin 'yan wasan farko da Silvio Berlusconi ya saya bayan ya karɓi ƙungiyar a wannan shekara. Da aka kawo koci Arrigo Sacchi a 1987, sai aka shiga wani salon wasa da Italiya ba ta saba da shi ba: mutum huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba, kowa yana tsaron yankinsa maimakon ya bi mutum ɗaya duk inda ya shiga, kuma dukkan tawagar tana matsawa gaba ko ta ja baya a dunƙule kamar da igiya aka ɗaure su. A irin wannan tsari, ɗan wasan gefe da ba ya dawowa ya zama ɓaraka, domin in mutum ɗaya ya tsaya, gefen nan gaba ɗaya ya buɗe. Donadoni yana dawowa, yana tare hanya, yana taya Mauro Tassotti ko Paolo Maldini aiki, sannan in ƙwallo ta dawo hannunsu shi ne kuma zai ɗauke ta ya yanke mutum biyu ya aika wa Marco van Basten ko Ruud Gullit. Ƙafafunsa biyu duk suna aiki, saboda haka mai tsaron baya ba ya sanin ta inda zai ɓullo, kuma ana iya sa shi a dama, a hagu, ko a tsakiya. Italiya ta daɗe da irin wannan ɗan wasan gefe mai zuwa da dawowa, domin kafin shi an yi Franco Causio da Bruno Conti, shi ne kuma ya gaji Conti a tawagar ƙasa.

Kada ƙwallo biyar ɗin nan su ruɗe ka. Wanda yake dafa abinci ba shi ake gani a kan tabarma ba. In kana son ka nuna wa yaronka misali guda ɗaya, ka nemo wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1994 a babban birnin Girka, inda Milan ta Fabio Capello ta lallasa Barcelona ta Johan Cruyff da ci 4 da nema, alhali Franco Baresi da Alessandro Costacurta duk ba su buga ba saboda dakatarwa. Ka duba ƙwallo ta biyu, gab da hutun rabin lokaci. Donadoni ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya wuce mai tsaronsa, ya bi layi har kusa da ƙarshen fili, kuma a wurin da yawancin yaranmu za su rufe ido su ɗirka ta cikin taro, shi sai ya ɗaga kai ya mayar da ita baya ƙasa-ƙasa ga Daniele Massaro, wanda ya zo a guje ya buga ta raga. Ɗaga kan nan shi ne darasin. Bayan ka nuna masa wannan, sai ka sa shi ya bi Donadoni da ido na minti goma a lokacin da Barcelona ke riƙe da ƙwallo, ya ga inda yake tsayawa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata yaran yanzu su sani game da jarumtarsa. A Nuwamba 1988 Milan ta je birnin Belgrade wasa da Red Star, hazo ya sauko har aka tsayar da wasan, aka sake shi washegari. A wasan na biyu Donadoni ya yi karo da wani mai tsaron baya a sama, ya faɗo a sume, muƙamuƙinsa ya karye, numfashinsa ya toshe, har sai da masu ba da agaji suka yi da gaske kafin suka ceto ransa. Milan ta wuce da bugun fenareti. Watanni biyar bayan haka, a Afrilu 1989, shi ne ya ci ƙwallo ta biyar a daren da suka yi wa Real Madrid ci 5 da nema a San Siro, filin gidan Milan, daga nan suka doke Steaua Bucharest da ci 4 da nema suka ɗauki kofin. Jimilla ya ɗauki kofin zakarun Turai uku da Milan, a 1989 da 1990 da 1994, da kuma kofin Seriya A, wato babbar gasar Italiya, sau shida, ko da yake wasan ƙarshe na 1990 da Benfica bai buga shi ba saboda hukuncin jan kati.

Mu nan Daura mun san shi ta hanya mai ciwo. Ranar 5 ga Yuli 1994 muka taru a zauren wani maƙwabcinmu mai talabijin, domin Najeriya za ta kara da Italiya a zagaye na biyu na kofin duniya a Amurka. An take wasa da ƙarfe shida na yamma agogonmu, Emmanuel Amunike ya ci, muka tashi sallar magariba muna gaba da ci ɗaya, kuma ban ce kowa ya yi sallar nan da cikakkiyar natsuwa ba. Aka ba Gianfranco Zola jan kati, Italiya ta koma mutum goma, wasu har sun fara lissafin wanda za mu haɗu da shi a gaba. Kowa yana tuna Roberto Baggio, wanda ya farke saura minti biyu a tashi, ya kuma ƙara da fenareti a ƙarin lokaci. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda 'yan tsakiyarsu, Donadoni da Demetrio Albertini, suka ƙi barin wasan ya watse a hannunsu duk da zafin rana da rashin mutum ɗaya. Shekara ɗaya bayan haka aka rama mana ta wata fuska, lokacin da Ajax mai Finidi George da Nwankwo Kanu ta doke Milan da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na 1995, Donadoni yana cikin fili.

A ƙarshen wasansa ya je Amurka ya buga wa MetroStars a 1996, shekarar da aka buɗe gasar ƙasar, ya dawo Milan ya ƙara kofin Seriya A na 1999, sannan ya rufe da Al-Ittihad ta Jidda, inda nan ma ya ɗauki kofin Saudiyya a 2000. Batun koci kuwa, na bar wa waɗanda suka fi ni bin wasannin shekarun baya-bayan nan.

Mai Gidan Kallo, Sabon Layi, Katsina

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ba ni da abin da zan ƙara a kan bayaninku na wasansa, amma a kan aikin koci ina ganin bai kamata ƙaunar da ake yi wa ɗan wasa ta hana a faɗi gaskiya game da koci ba, domin aiki biyu ne mabambanta.

A lissafa wuraren da ya yi aiki zuwa 2020: Lecco, Livorno har sau biyu, Genoa inda aka sallame shi bayan wasa uku, tawagar Italiya, Napoli, Cagliari, Parma, Bologna, sai Shenzhen a ƙasar Sin. A duk wannan tafiya babu kofi. Wani zai ce ai ƙananan ƙungiyoyi ne, to amma Napoli ba ƙarama ba ce. An ba shi ita a Maris 2009 bayan Edy Reja, aka kore shi a Oktoba na wannan shekara, kuma Walter Mazzarri da ya gaje shi ya ɗauki kusan waɗannan 'yan wasan, su Marek Hamsik da Ezequiel Lavezzi, ya kai su gasar zakarun Turai cikin shekara biyu, ya kuma ɗauki kofin ƙalubale na Italiya a 2012. In miya ɗaya ta yi daɗi a hannun wani ta ƙi daɗi a hannun wani, ai ba tukunya za a tuhuma ba.

Batun tawagar ƙasa kuma, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. An naɗa shi a Yuli 2006, kwanaki kaɗan bayan Marcello Lippi ya ɗauki kofin duniya ya ajiye aiki. Wasansa na farko Kuroshiya ta ci su 2 da nema, na biyu suka yi kunnen doki da Lituweniya a gida, na uku Faransa ta doke su 3 da 1 a Faris. Na yarda ya farfaɗo ya kai su gasar nahiyar Turai ta 2008 a saman rukuninsu, bayan nasarar da suka samu a kan Sikotlan a Nuwamba 2007 da ƙwallon Christian Panucci ta ƙarshen wasa. Amma a gasar kanta, wasan farko Holan ta zuba musu 3 da nema, kuma kocin Holan a daren nan ba kowa ba ne illa Van Basten, wanda Donadoni ya yi shekaru yana aika wa ƙwallo a Milan. Ba don Gianluigi Buffon ya tare fenaretin Adrian Mutu a wasa da Romaniya ba, da zakarun duniya sun koma gida tun daga rukuni. Na nuna dukkan wasannin nan a gidan kallona, kuma abin da masu kallo suka yi ta ƙorafi a kai shi ne dabara ɗaya tak ake gani, wato a cilla wa Luca Toni ƙwallo sama, shi kuwa har aka gama gasar bai ci ko ɗaya ba.

A kwatanta shi da abokan zamansa na Milan. Carlo Ancelotti ya ɗauki kofin zakarun Turai sau biyar yana koci. Frank Rijkaard ya ɗauka da Barcelona a 2006. Makaranta ɗaya suka yi, malami ɗaya ya koyar da su. Ra'ayina shi ne Donadoni mutum ne mai shiru da kawaici, irin wanda yake aikata abin da aka sa shi ba tare da gardama ba, kuma wannan hali yana da kyau ga ɗan wasa, amma koci yana bukatar ya iya tanƙwara manyan 'yan wasa, ya iya ja da shugaban ƙungiya, ya iya toshe bakin 'yan jarida.

Shi kuwa ƙanena mai tambaya, kada maganar iyayen yara ta karya maka gwiwa. Sacchi da Baba ya ambata bai taɓa buga ƙwallon ƙwararru ba, sana'ar takalma ya yi kafin ya shahara, kuma da aka yi masa gori sai ya amsa da cewa bai san sai mutum ya taɓa zama doki kafin ya zama mahayi ba. Mu Katsinawa da muka tashi muna kallon hawan Sallah da wasan folo, ai ba sai an yi mana fashin baƙin wannan magana ba.

Tsohon Gola, Ƙofar Sauri, Katsina

Ina gaida Baba na Daura, ina kuma gaida ɗan'uwana mai gidan kallo, wanda ya kawo hujjoji na gaskiya amma ya tsallake wasu da ba su goyi bayansa ba.

Da farko, a gasar 2008 ɗin nan, kyaftin Fabio Cannavaro ya ji rauni a wajen atisaye kwanaki kaɗan kafin a fara, Francesco Totti da Alessandro Nesta kuma sun riga sun daina buga wa ƙasa. Duk da haka Italiya ta doke Faransa da ci 2 da nema ta fito daga rukuni. A wasan daf da na kusa da na ƙarshe ta haɗu da Sifaniya babu Andrea Pirlo, babu Gennaro Gattuso, dukkansu an dakatar da su, aka yi minti 120 babu ci, sai a bugun fenareti Iker Casillas ya tare na Daniele De Rossi da na Antonio Di Natale. Wannan Sifaniyar ita ce ta ɗauki kofin, ta ɗauki na duniya a 2010, ta sake ɗaukar na Turai a 2012, kuma a duk gasar 2008 Italiya ce kaɗai ta hana ta zura ƙwallo. Aka sallami Donadoni aka dawo da Lippi, shi kuma ya je Afirka ta Kudu a 2010 ya ƙare a ƙarshen rukunin da ke da Faraguwai da Sulobakiya da New Zealand, ba tare da ya ci wasa ko ɗaya ba. Ashe tawagar ce ta tsufa, wanda aka ɗora wa laifin kuwa shi ne ya fi tatsar abin da ya rage a jikinta.

A matsayina na wanda ya tsaya a raga, fenareti ba ma'aunin koci ba ne, amma da shi aka auna wannan mutumin sau biyu. A 1990, a wasan kusa da na ƙarshe da Ajantina a birnin Napoli, Sergio Goycochea ya tare bugunsa, Italiya ta fita a kofin duniyar da take karɓar baƙunci. Bayan shekara goma sha takwas, fenaretin wasu ya raba shi da aikinsa.

Abin da ya sa na shigo wannan tattaunawa shi ne Parma, wadda ɗan'uwana ya ambata a jeri ya wuce. Donadoni ya karɓe ta a Janairu 2012 tana tangal-tangal, ya rufe kakar da nasara bakwai a jere. A kakar 2013 zuwa 2014, da 'yan wasa irin su Antonio Cassano, wanda kowa ya san wuyar sha'aninsa, da Amauri da Marco Parolo, ya yi wasa goma sha bakwai ba a doke shi ba, ya ƙare na shida, wato ya samu gurbin gasar Europa. Sai aka hana ƙungiyar lasisin shiga saboda wani haraji da shugabanninta ba su biya a kan lokaci ba, aka ba Torino gurbin. Abin da aka samu da gumi a fili, a ofis aka zubar da shi. Kakar da ta biyo baya kuma ta fi muni: watanni suna wucewa babu albashi, aka sayar da ƙungiyar sau biyu cikin ɗan lokaci, na biyun a kan Yuro ɗaya, aka ɗage wasansu da Udinese a Fabrairu 2015 saboda babu kuɗin biyan masu tsaron filin wasa, 'yan wasa suka koma wanke rigunansu da kansu, a Maris kotu ta ayyana ƙungiyar a matsayin wadda ta tsiyace. Mutumin da ya ɗauki kofin Turai uku, wanda ba ya rasa abin da zai ci in ya tafi, ya zauna tare da kyaftin Alessandro Lucarelli da sauran yaran har wasan ƙarshe na kakar. A cikin wannan hali, a Afrilu 2015, suka doke Juventus da ci ɗaya da nema, ƙungiyar da ta ɗauki kofin Seriya A ta kuma kai wasan ƙarshe na zakarun Turai a wannan shekara.

Na san abin da nake faɗa. Na taɓa tsare raga a wata ƙungiya, ba zan ambaci sunanta ba, inda muka yi wata biyar ba a ba mu ko sisi ba, muna zuwa wasan waje a mota ɗaya da garin kwaki a jaka. Kocinmu na farko ya tattara kayansa a wata na biyu, kuma ban ga laifinsa ba domin yana da iyali. Mataimakinsa ne ya zauna, kullum shi ne farkon zuwa fili, kuma saboda kunyar idonsa kaɗai muka ci gaba da fitowa atisaye. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shirun da ɗan'uwana ya kira rauni, a irin wannan rana shi ne yake riƙe mutane, domin ɗan wasan da ke jin yunwa ba ya sauraron mai yawan magana, yana kallon wanda ya zauna tare da shi ne.

Ban ce ajinsa ɗaya da Ancelotti ba. Na yarda a Napoli bai yi abin kirki ba, kuma a Bologna, daga 2015 zuwa 2018, iyakar abin da ya yi shi ne hana ta faɗuwa, har magoya baya suka gaji da wasan da babu armashi. Amma batun cewa ba ya iya ja da shugaba bai tsaya ba, domin a Fabrairu 2006 da shugaban Livorno ya soki aikinsa a bainar jama'a, ajiye aikin ya yi, alhali ƙungiyar tana ta shida a teburi.

Koci Ƙarami, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sauke wasan 1994 da Barcelona a wayata, kuma na ga ɗaga kan da Baba ya faɗa. Yaya mai gidan kallo, maganar doki da mahayi ta shige ni. Saura abu ɗaya nake son Baba ya taimaka mini da shi: ta yaya zan sa yaro ya riƙa dawowa baya ba tare da na kashe masa ƙarfin halin yanka ba? Ina tsoron in matsa masa ya koma mai buga ƙwallo baya duk lokacin da ya ga mutum a gabansa.

Tsohon Lamba Bakwai, Daura

Ɗana, tsoronka yana kan hanya, domin na ga kociyoyi da yawa sun kashe yara masu baiwa da tsawa. Kada ka taɓa yi masa faɗa don ya gwada yanka an ƙwace, in dai a rabin filin abokan hamayya ne. Faɗan ya zama a kan abin da ya yi bayan an ƙwace. Ka ware gefe ɗaya na fili, ka sa mutum biyu da biyu, wato shi da mai tsaron bayansa a ɓangare ɗaya, wani ɗan gefe da nasa mai tsaron bayan a ɗaya ɓangaren, ka kuma kafa doka cewa duk ƙwallon da aka ci su alhali shi yana tsaye a gaba, biyu za a lissafa. Cikin mako biyu abokin nasa ne zai riƙa kiransa ya dawo, ba kai ba. Sannan ka riƙa sauya masa gefe, rabin atisaye a dama, rabi a hagu, har ƙafar da yake ɓoyewa ta saba, kuma in ya isa ƙarshen layi ka tilasta masa ya kira sunan wanda zai ba ƙwallo kafin ya buga, domin ba zai iya kiran suna ba sai ya ɗaga kai.

Muhawarar 'yan'uwana biyu kuwa ta tuna mini da namu 'yan wasan gefen biyu da suka fuskanci Donadoni a 1994, waɗanda su ma suka koma benci. Finidi George ya ɗauki kofin gasar Najeriya da Enyimba a 2023, aka ba shi Super Eagles a 2024, ya yi kunnen doki da Afirka ta Kudu, Benin ta doke shi, ya ajiye aikin cikin 'yan makonni. Amunike kuma ya ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai a 2015, ya kai Tanzaniya gasar kofin Afirka ta 2019, wadda rabonta da ita tun 1980. A cikin yaran Amunike na 2015 akwai Orji Okwonkwo, shi ma ɗan wasan gefe, wanda ya tafi Bologna a 2016, kuma Donadoni ne ya fara sa shi a wasan Seriya A. A wannan kakar ce kuma Umar Sadiq, ɗan Kaduna, ya je Bologna aro daga Roma bayan ya ciyo tagulla a gasar Olamfik ta Rio, sai dai rauni bai bar shi ya buga wasanni da yawa ba.

In ka gwada atisayen nan na mako biyu, ka dawo ka gaya mana yadda yaron ya karɓe shi, ka kuma gaida mini kawunka.